Kangon Fadar Gwamna Lugga A Zungeru Da Makomar Tsofaffin Gine-ginenmu

A ƙarshen daminar da ta wuce ne wata hidimar ɗaurin aure ta ɗauke mu daga nan Onklou zuwa Minna, babban birnin Jihar Neja ta Nijeriya. Mun bi ta Parakou da N'Dali da Nikki, muka tsallaka iyaka a Cikanda, muka ratsa Kayama da Sabuwar Busa, tafiyar da ta cinye mana kwana biyu cur. Da aka watse daga biki sai mai masaukinmu ya ce tunda aikinmu neman labari ne, bai kamata mu juya gida ba tare da mun leƙa Zungeru ba. Mun je, mun gani, kuma abin da muka gani ne ya sa yau muka jingine maganar kuɗin auduga da tsadar taki, domin mu yi magana a kan kango.

Ga wanda bai sani ba, Zungeru ƙaramin gari ne a bakin kogin Kaduna, cikin Ƙaramar Hukumar Wushishi. A ranar 1 ga Janairun 1900 ne Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, ya shelanta cewa Arewacin Nijeriya ya shiga hannun Turawa. Bayan ɗan zama a Jebba, sai ya mayar da hedkwatarsa Zungeru a 1902, aka gina masa fada da ofisoshi da bariki da kurkuku. Daga wannan wuri aka riƙa juya ƙasar da ta faro daga Sakkwato har bakin tafkin Chadi, kuma Zungeru ce hedkwatar Arewa a lokacin da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914, aka sami ƙasar da ake kira Nijeriya a yau. Tsakanin 1916 da 1917 Turawa suka tattara nasu ya nasu suka koma Kaduna, saboda sun ce zafi da sauro sun dame su, kuma Kaduna ta fi zama tsakiya ga hanyar jirgin ƙasa. Shekara goma sha huɗu ke nan kacal garin ya yi yana sarauta.

Abin da ya rage na fadar a yau shi ne ginshiƙai a jere cikin ciyawa, ba rufi, ba ƙofa, ba taga. Mutum zai tsaya a tsakiyarsu ya yi ta lissafi da ido, nan ne zaure, can ne ɗakin kwana, amma duk hasashe ne. Mun tarar da awaki suna kiwo a gindin ginshiƙan, ga kuma wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyu ba yana tsaronsu. Muka tambaye shi, “Yaro, gidan wane ne wannan?” Sai ya ce, “Gidan wani Bature ne, Baba.” Muka ce wane Bature, me ya yi? Ya yi murmushi ya ce shi dai haka ya ji ana faɗa. Can gaba akwai maƙabartar Turawa, inda sunayen waɗanda zazzaɓi ya kashe suke rubuce a kan duwatsu, wasu ana iya karantawa, wasu ruwa da rana sun shafe. Ita ma gadar ƙafa ta ƙarfe da aka gina a 1904 a kusa da fadar ba ta nan, domin tun a 1954 aka kwance ta aka kai Kaduna, inda take har yanzu a cikin lambun shaƙatawa da ke bakin kogi. Wato ko abin tunawar ma, babban birni ya fi ƙarfin ƙarami.

Mai karatu na iya cewa, to ina ruwan mutumin Donga ko Borgou da kangon da ke wata ƙasa? Ruwanmu ne ƙwarai, domin mai wannan gidan ya taka ƙasarmu kafin ya taka Zungeru. A watan Nuwamban 1894 Lugga, yana kaftin a ƙarƙashin kamfanin Turawan Ingila na kogin Kwara, ya iso Nikki da gaggawa domin ya riga Faransawa ƙulla yarjejeniya da masarautar. Bai sami ganin sarki ido da ido ba, ta hannun wakilai aka yi takardar. 'Yan kwanaki bayan tafiyarsa sai ga Bafaranshe Decoeur ya iso da sojojinsa, shi ma ya karɓi tasa takardar, ya ce ta Lugga ba ta da inganci tunda bai ga sarki ba. Wannan ja-in-ja ce ta sa Ingila ta kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma a 1897, ta ɗora Lugga a kanta, kuma Hausawa na da yawa cikin waɗanda aka ɗauka. A ƙarshe, a watan Yunin 1898, aka zauna a birnin Faris aka raba ƙasar Bargu biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Kayama suka faɗa hannun Ingila. Wannan layin da aka ja shi ne wanda muka tsaya a kansa a Cikanda muna nuna takardu, muna canza sefa zuwa naira, alhali mutanen ɓangarorin biyu harshensu ɗaya, kuma duk shekara dawakin can suna zuwa Nikki bikin Gani. Saboda haka duk wanda ya taɓa shan wahalar iyaka, yana da alaƙa da waɗannan ginshiƙai ko bai sani ba.

Bugu da ƙari, daga wannan fada aka ba da umurnin da ya kai ga cin Kano a farkon Fabrairun 1903 da Sakkwato a tsakiyar Maris na shekarar, da kuma bin sawun Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi inda ya yi shahada a watan Yuli. Daga nan aka tura sojojin da suka murƙushe Satiru a 1906. Iyalai da dama a zangunan Parakou da Djougou suna danganta kakanninsu da Kano da Katsina da Sakkwato, wasu fatauci ya kawo su, wasu kuwa rikicin waɗancan shekaru ne ya hana su komawa. Ke nan ba labarin baƙi muke bayarwa ba.

To amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne tambayar da babu wanda ya iya amsa mana a wurin. Su wa suka fasa duwatsun nan? Su wa suka ɗauko su a ka? Lugga dai bai taɓa ɗaukar kwanon siminti ba. Gwarawa da Nufawa da Hausawa ne suka yi dakon, suka sare daji, suka shimfiɗa hanyar jirgi, wasu da lada, wasu da tilas. A nan Zungeru aka buɗe gidan da ake tara yaran da aka ƙwato daga hannun masu cinikin bayi, yaran da da yawansu ba su san ko sunan garinsu ba. A nan akawu ɗan ƙabilar Ibo ya haifi ɗa a 1904, wanda ya tashi yana jin Hausa, ya zama Nnamdi Azikiwe, shugaban Nijeriya na farko. A nan kuma aka haifi Odumegwu Ojukwu a 1933, wanda ya jagoranci Biyafara. Bature da ya mutu da zazzaɓi yana da dutse mai sunansa da ranar mutuwarsa, amma ɗan dakon da ya faɗi a kan hanya ko tarin ƙasa ba a bar masa ba. Kango ba ya magana da kansa. In masu ƙasa ba su ɗora masa nasu labarin ba, ɗayan biyu ne, ko dai ya shafe gaba ɗaya, ko kuma ya ci gaba da zama “gidan wani Bature”, kamar yadda yaron nan ya faɗa, kuma ba laifinsa ba ne.

Akwai kuma wani darasi game da yadda gari ke rayuwa. Zungeru ba kasuwa ce ta kafa ta a matsayin birni ba, alƙalamin gwamna ne, shi ya sa ranar da alƙalamin ya tashi sai akawu da kuku da tela da mai wanki duk suka bi shi. A duba Damagaram. Ita ma Faransawa sun ɗauke mata hedkwatar Nijar suka kai Yamai a 1926, amma ba ta zama kufai ba, domin tana da sarki da kasuwa da malamai tun kafin zuwan Bature. Haka Djougou, wadda Dendawa da fatake ke kira Zugu. Ba kumandan ne ya kafa ta ba, ayarin goro ne da ke tasowa daga Kano ya bi ta Nikki ya sauka a nan kafin ya wuce Salaga ta ƙasar Gwanja, ya sauke kanwa da tufafi da fatu, ya dawo da goro a bayan jakuna. Masarautar Kilir ta ba baƙi masauki, unguwar Wangara ta cika da 'yan kasuwa da malamai, gari ya tsaya da ƙafarsa.

Sai dai kada wannan ya sa mu yi barci. Salaga ɗin da kakanninmu ke zuwa, yaƙin basasa na 1892 ya tarwatsa ta, sannan goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, daga can ya hau jirgin ƙasa da ya isa Kano a 1911, ayari ya mutu. Jirgin ƙasan da ya iso Parakou daga Kwatano a 1936, mai tsawon kilomita 438, shi ya mayar da garin mahaɗar kayan Nijar, amma yau yaran da aka haifa cikin shekarun nan ba su taɓa hawa jirgin fasinja a tashar ba. Mun kuma ga abin da rufe iyakar Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya yi wa 'yan kasuwarmu, da abin da rufe gadar Malanville bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya yi wa direbobin manyan motoci da masu sayar musu da abinci. Garin da hanya ta raya, hanya na iya kashe shi. Ita kanta Zungeru sai da ta jira kusan shekara ɗari kafin a sake tuna ta, a lokacin da aka fara gina madatsar ruwa mai ƙarfin megawat 700 a 2013.

Yanzu mu dawo gida. Duk wanda ya haura shekara arba'in a Djougou ko Parakou zai iya lissafa gidajen da ya sani yana yaro waɗanda yau babu su. Gidajen masu masaukin fatake masu manyan zaure da turken jakuna, an raba gado, an rushe, an jera shaguna da rufin kwano. Tsofaffin masallatan ƙasa an buge su an zuba na siminti, wanda niyya ce mai kyau, amma ba a ɗauki ko hoto ɗaya na tsohon ba. Gine-ginen zamanin kumandan, waɗanda kakanninmu suka ɗora da aikin tilas, wasu sun zama wurin ajiyar tarkace, wasu 'yan gwangwan suna zare musu ƙarfe da dare. Mafi ciwo su ne takardun ajami da na Larabci da ke cikin gafakar malamai, wasiƙun madugai da lissafin bashi da jerin sunayen limamai, waɗanda gara ke ci a hankali. Mun san wani gida a nan kusa da aka share ɗakin tsoho bayan sadakar arba'in, aka tara takardunsa aka binne don gudun kada a taka sunan Allah. Niyyar ta yi kyau, amma ba wanda ya tsaya ya karanta abin da ke ciki kafin a rufe ramin.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma ba za mu raina maganarsu ba. Za su ce ƙauyen da mata ke tafiya mai nisa neman ruwa da rani, kuma mai naƙuda ke hawa bayan zemijan zuwa asibiti, ina shi ina kashe kuɗi a kan kangon Bature? Gaskiya ne, rijiya ta fi kango, kuma in zaɓi ne tsakanin biyun, mu ma rijiya za mu zaɓa. Amma ba a taɓa fasa haƙa rijiya don an kafa allo ba. Abin da muke magana a kai bai kai kuɗin walimar da ake yi in an buɗe sabon ofis ba. Wasu kuma za su ce adana gidan mai mulkin mallaka tamkar girmama shi ne. Mu a ganinmu akasin haka ne. Wanda aka zalunta shi ya fi kowa buƙatar shaida, kuma mai rushe shaida ba wanda aka zalunta yake taimako ba. Akwai kuma masu tsoron kada abin ya zama bautar duwatsu. Su ma muna tunatar da su cewa malamanmu ne ke yawan faɗa mana a wa'azi cewa duban kufan waɗanda suka gabata yana karya girman kai. Duk mai riƙe da kujera a yau, daga shugaban gunduma har zuwa minista, da zai tsaya minti goma a tsakiyar ginshiƙan Zungeru yana kallon awaki, da ya rage ɗaga kafaɗa.

Kuma ba sai mun je nesa neman misali ba. A Natitingou, tsohon ginin hukumar mulkin mallaka ne aka mayar gidan tarihi, inda ake ba da labarin mutanen Atakora da gwagwarmayar Kaba. A Kano, gidan da Bature Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya zauna ya buɗe makarantar boko a 1909, yana nan tsaye ana shiga ana kallo. A Katsina tsohuwar kwalejin da ta yaye su Tafawa Ɓalewa da Sardauna ta zama gidan tarihi. A Kwaddibuwa, Grand-Bassam da Faransawa suka gudu suka bari saboda annobar shawara ta 1899, ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2012. Duk waɗannan, ginin na Bature ne ko na zamaninsa, amma labarin da ake bayarwa a ciki na masu ƙasa ne.

Ba za mu ƙi yaba wa hukuma a inda ta yi abin yabo ba. Dawo da kayan tarihi 26 na fadar Abomey daga Faransa a watan Nuwamban 2021 abin alfahari ne ga kowane ɗan Benin. Mutum-mutumin Bio Guéra, wanda ya yi wa Faransawa tawaye har aka kashe shi a 1916, an kafa shi a Kwatano a 2022, kuma an ɗauki aikin sabuwar fada da filin Gani a Nikki. Madalla. Sai dai in an lura, yawancin kuɗin da hankalin sun tafi ne ga fadojin sarakuna da wuraren da baƙi masu yawon buɗe ido ke zuwa a bakin teku. Tarihin ɗan kasuwa da ɗan dako da malamin zaure, wanda shi ne tarihin zango, ba shi da mai magana da yawunsa. Mu ma kuma muna da laifi, domin mun fi kowa saurin cewa abin da ya wuce ya wuce.

Don haka muna kira ga magadan garin Djougou da Parakou da majalisunsu da su sa a zagaya unguwa-unguwa a rubuta duk ginin da ya girmi 'yancin kai na 1960, a ɗauki hotonsa, a rubuta mai shi da abin da aka yi a cikinsa. Wannan aikin ɗaliban Jami'ar Parakou za su iya yin sa a hutu ɗaya in an ba su kuɗin mota da abinci. Kada a ba da izinin rushe irin wannan gini sai an sanar da sarki da mai unguwa, an kuma ɗauki hoto ciki da waje. A kafa allo a gaban waɗanda suka fi muhimmanci, kuma kada a tsaya ga Faransanci kaɗai, a rubuta da Dendi da Yom da Bargance da Hausa, har da ajami, domin tsohon da ya fi kowa sanin labarin shi ma ya iya karantawa ya gyara mana in mun yi kuskure. Sarakunan zango da limamai kuwa, muna roƙonsu da girmamawa su yi wa jama'a bayani a ranar Juma'a cewa duk wanda zai share ɗakin mamaci, ya kira malami ya duba takardun tukuna. Wayar salular da ke aljihun kowane saurayi ta isa ta ɗauki hoton littafi guda kafin la'asar. Malaman makaranta su ma su riƙa fita da yara, ko sau ɗaya a shekara, zuwa fadar Kilir ko tashar jirgin Parakou, maimakon a bar su suna haddace sunayen kogunan Turai.

Game da Zungeru kanta, ba za mu ce wa mai karatu ya hau mota gobe ba. Yankin ya sha fama da 'yan bindiga, a Tegina da ke maƙwabtaka ne aka sace ɗaliban Islamiyya fiye da ɗari a 2021, kuma mu kanmu da rana tsaka muka je muka dawo bisa shawarar 'yan gari. Duk mai niyya ya tambayi mutanen wurin kafin ya kama hanya. Muna fata hukumomin Nijeriya za su kewaye ginshiƙan nan su sa mai gadi da mai bayani, domin abin da ke wurin ba nasu ne su kaɗai ba.

Mu a namu ɓangaren, ba za mu tsaya ga kira ba. Mun nemi a ba mu rabin awa a kowane mako a rediyon al'umma, za mu ɗauki na'ura mu bi tsofaffi gida-gida, mu fara da Onklou da ƙauyukan kewaye, sannan Wangara da zangon Parakou. Muna so su faɗa mana inda ayari ke sauka, da rijiyar da jakuna ke sha, da sunan madugun ƙarshe da suka ji iyayensu na ambata, da wanda aka kama aikin tilas bai dawo ba. Duk mai tsoho ko tsohuwa a gida da ke da irin wannan labari, ko mai tsohuwar takarda da bai san abin da ke cikinta ba, ya aiko mana da saƙo ta ofishin wannan jarida ko ya same mu ranar kasuwa. Ba za mu karɓi takardar kowa ba, hoto kawai za mu ɗauka a gaban mai ita, mu mayar masa da abinsa.